Hannun Bawa da Hukuncin Ubangiji: Mas'alar Esin Mota a Samnu

Samnu ƙaramin gari ne na dabino da rijiyoyi a cikin kwarin Bawanis, arewa maso gabas da Sabha, wadda ita ce babbar alkaryar ƙasar Fezzan a kudancin Libiya, kuma wanda ya fito daga Sabha ya nufi Hun sai ya wuce Tamanhint kafin ya iske shi, in ya ƙara gaba kaɗan ya faɗa Zigan. Ta wannan kwari ne tsohuwar hanyar ayari ta ratsa, wadda ta taso daga Tarabulus ta bi ta Sokna ta gangara Murzuk, hanyar da Kyaftin Kilafatan da abokan tafiyarsa suka bi a 1822, kafin ya sauka Kano ya kuma gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Sakkwato a 1824. Raƙuman ayari sun ƙare, amma sawun Bahaushe bai ɗauke daga wannan ƙasa ba, domin har yanzu mutanen Damagaram da Maraɗi da Tawa da Katsina da Kano suna nan warwatse cikin gonaki da garejoji da wuraren gini, waɗansu suna hawan dabino, waɗansu suna ban ruwa, waɗansu kuma, da masu gona suka ga amanarsu, suna riƙe da mabuɗin mota. A tsakanin waɗannan na ƙarshe ne wata mas'ala ke yawan tasowa, wadda a zahiri ta makanikai ce, amma in an tona ta sai a iske saiwarta tana cikin ilmin tauhidi.

Surar mas'alar ita ce, mutum ya ga injin mota ya kawo cikas, ya ɗauki sifana ya gyara da hannunsa, ko don tsadar aiki, ko don nisan gareji, ko don ya yarda da basirarsa. Injin ya tashi lafiya, ya yi hamdala, sa'an nan ya danna maɓallin esi, sai iska mai zafi ta buso masa a fuska. A ƙasar da zafin bazara kan haura digiri 40 a inuwa, iskar gibli kuma ta taso daga kudu da ƙura har mutum ya kasa sauke gilashi, wannan rashi ba ƙarami ba ne. Amma abin da ya fi damuna shi ne maganar da kan fito daga bakin mutum a wannan sa'a, domin da ita ake gane yadda ya fahimci abin da ke tsakanin aikin hannunsa da hukuncin Ubangijinsa, mas'alar da malamai suka daɗe suna kai da komowa a cikinta tun ba a san ƙarfe zai yi tafiya da kansa ba.

Wani bawan Allah daga ƙasar Damagaram yana aiki a wata gona a bayan garin, yana jan Toyota Hilux ta mai gonar, ya kai kaya Sabha ya komo da taki da mai. Ya lura ruwa yana ɗiga a ƙarƙashin injin, ya bi sawu ya gane famfon ruwa ne ya saki, ya sayo sabo, ya kwance fanka da bel da robobin lagireto, ya zare soket ɗin da suka tare masa hanya, ya ɗaura sabon famfo, ya mayar da kome yadda ya tuna, ya cika lagireto ya rufe. Ɗiga ta tsaya cak. Washegari da hantsi esi ya yi sanyi kamar yadda ya saba, amma da ya hau kwalta ya miƙe, rana ta take, sai sanyin ya ɗauke. In ya tsaya ya huta sai ya dawo, in ya ci gaba sai ya sake ɗaukewa. Da dare, wajen shan shayi, ya kai kukansa ga 'yan'uwa. Wani dattijo ya ce masa, "Ɗana, ƙaddara ce, abin da Allah ya rubuta ba makawa, ka sauke gilashi ka yi haƙuri." Wani tsaransa kuwa ya ce, "Kai ka ɓata, gyaran gangar Abzinawa ka yi. Ka lallaɓa ka sa a zuba gas tun mai gona bai sani ba."

Waɗannan amsoshi biyu, ko da yake ana ganin sun yi hannun riga, aibinsu ɗaya ne, domin kowace ta rufe ƙofar bincike tun ba a buɗe ta ba. Dattijon ya faɗi kalmar gaskiya, wadda babu Musulmin da zai musa ta, amma ya ajiye ta inda ba muhallinta ba, ya mayar da imani da ƙaddara mayafin da za a lulluɓe abin da ya kamata a tona. Saurayin kuma ya ɗauki zato ya sa masa rigar yaƙini, ya yanke hukunci a kan sababi da magani duka biyu alhali bai buɗe bonet ba, sa'an nan ya ƙara da shawarar ha'inci. Ni a ganina ta biyun ta fi muni wajen ɗabi'a, amma ta farkon ta fi haɗari wajen aƙida, saboda tana koya wa mutane cewa addini da lalaci dangin juna ne.

Kafin a shiga maganar malamai, wajibi ne a san yadda na'urar take, domin hukunci a kan abu reshe ne na saninsa. Duk wanda ya sha ruwan randa ya riga ya san asalin al'amarin: ruwan da ke tsattsafowa ta jikin yumɓu yana bin iska, yana tafiya da zafi, ya bar na ciki da sanyi. Esin mota haka yake aiki, sai dai abin da ke cikinsa wani gas ne da aka kulle cikin bututu yana zagaye, wanda a yawancin motocin da ke yawo a Fezzan shi ne R134a, mai tafasa a wajen digiri 26 ƙasa da sifili. Shi ne ya maye gurbin R12 a farkon shekarun 1990, bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta wajabta a daina tsohon saboda ɓarnar da yake yi wa rufin ozon na sararin sama. Kwamfaresa ce ke matse gas ɗin har ya yi zafi, ta tura shi kwandensa da ke gaban lagireto, iska ta kwashe zafin ya koma ruwa-ruwa, ya bi ta wata 'yar ƙuntatacciyar kafa ya faɗa wani bututu mai lanƙwashe-lanƙwashe a bayan dashbod, inda yake tafasa ya tsotse zafin cikin mota, sa'an nan ya koma inda ya fito. Abin lura a nan shi ne, kwamfaresa daga injin take karɓar juyi ta hanyar bel, kwandensa da lagireto iska ɗaya suke sha, wayoyinsu a dami ɗaya suke tafiya, kuma a motoci da yawa na'urar da ke kula da injin tana da ikon yanke wa kwamfaresa wuta. Saboda haka da wuya mutum ya kwance gaban injin bai gogi wani abu na esi ba, ko ya sani ko bai sani ba.

To, a nan ne maganar Imamu Gazali take shigowa, wanda ya rasu a shekara ta 505 ta Hijira, watau 1111. A mas'ala ta 17 ta littafinsa Tahafutul Falasifa ya kawo misalin wuta da auduga, ya nuna cewa iyakar abin da ido ya shaida shi ne ƙonewa ta auku a lokacin da suka haɗu, amma cewa wutar ce mai aikata ƙonewar da kanta, wannan ido bai gani ba, hankali ne ya ƙara shi. Ibnu Rushdi na Kurɗuba, wanda ya rasu a 595, watau 1198, ya mayar masa da martani cewa wanda ya rushe sabubba ya rushe ilmi, domin sanin abu shi ne sanin sababinsa. Mutane da yawa sun tsaya a nan, suna zaton dole ne a zaɓi ɗaya, ko tauhidi ko bincike. Amma malaman da kakanninmu suka yi karatu a littattafansu ba su bar mas'alar a haka ba. Shaihu Muhammadu ɗan Yusufu Sanusi na Tilimsan, mai Ummul Barahini, wanda ya rasu a 895, watau 1490 (kada a rikita shi da Sayyid Muhammadu ɗan Ali Sanusi mai ɗariƙa, wanda ya rasu a Jagbub ta nan Libiya a 1859), shi da masu sharhin littattafansa sun kasa hukunci gida uku, na shari'a da na hankali da na al'ada, suka bayyana na al'ada da cewa tabbatar da ƙulli ne tsakanin abu da abu ta hanyar maimaituwa, tare da yarda cewa ƙullin yana iya saɓawa, kuma babu ɗayansu da ke yin tasiri da kansa. Wannan karatu an yi shi a zaurukan Kano da Katsina da Zazzau da Agadas ɗaruruwan shekaru, kuma ma'anarsa ita ce, Allah ne mai halittar sanyi, amma ya gudanar da sunnarsa a kan ya halitta shi yayin da bel ya juya, gas ya cika, wuta ta isa. Wanda ya nemi sanin wannan tsari, al'adar Allah a cikin halittarsa yake karantawa, kuma wanda ya ƙi nema da sunan tawakkali ya juya wa wani fanni na ayoyin Allah baya.

Kalmar maimaituwa da ke cikin wannan bayani ita ce take warware rabin mas'alarmu. Direban Samnu sau ɗaya ya ga gyara ya gabata mutuwar esi ta biyo, kuma aukuwa ɗaya ba ta kafa al'ada. Abin da ke hannunsa ƙarina ce, watau alama mai nuni, ba hujja yankakkiya ba. Akwai kuma dalili na musamman da ya sa biyowar abu bayan abu take yaudarar mutane a wannan ƙasa. Hunturun Fezzan yana da tsanani, dare kan yi sanyi har ya kusa daskarar da ruwa, saboda haka daga Disamba zuwa Fabrairu babu mai taɓa maɓallin esi; a cikin wannan zama robobin da ke toshe mahaɗan bututu da bakin kwamfaresa sukan bushe, gas ya riƙa zurarewa kaɗan kaɗan ba mai ji ba mai gani. Sai mutum ya gyara injinsa a watan Maris, ya danna maɓalli a karon farko a watan Afrilu, ya ji shiru, ya ɗora wa hannunsa laifin da hunturu ya riga ya aikata. Da yawa sun sake kwance aikin da suka yi daidai saboda wannan wahami, suka ɓata mai kyau garin neman laifin da ba ya nan. Shi kuwa bakanike, wanda ya ga irin wannan a motoci masu yawa shekara da shekaru, maimaituwa ta taru a wurinsa, shi ya sa maganarsa take da nauyin hukuncin al'ada, ta mai mota kuwa ba ta wuce zato ba.

Duk da haka ƙarina ba abin yarwa ba ce, alƙalai ma suna aiki da ita, kuma adalci shi ne a fara duba inda hannu ya taɓa kafin a tuhumi inda bai taɓa ba. A nan na ga ilmin usulu ya ba mu tsarin bincike da ya fi na kowa tsabta. Malaman usulu, irin su Ƙarafi Bamalike wanda ya rasu a shekara ta 684 ta Hijira, sun rarrabe tsakanin sababi da sharaɗi da mani'i: sababi shi ne abin da samuwarsa ke jawo hukunci, sharaɗi shi ne abin da rashinsa ke kawar da hukunci amma samuwarsa kaɗai ba ta wadatar, mani'i kuwa shi ne abin da samuwarsa ke hana hukunci ko da sababi ya tabbata sharuɗɗa sun cika. A zakkar kuɗi, mallakar nisabi sababi ce, cikar shekara sharaɗi ce, bashi kuma mani'i ne. Haka lamarin yake a ƙarƙashin bonet. Umurnin da ke tashi daga maɓalli ya bi ta fis da rile ya isa kulocin kwamfaresa shi ne sababi, kuma soket guda da aka manta ba a mayar ba, ko wayar da ake ɗaurewa a jikin injin da aka bari tana reto, ya isa ya yanke shi. Ɗaurin bel da cikar gas da lafiyar fanka sharuɗɗa ne, kuma mutum yana iya tsaga siririn bututun alminiyam da gwiwar hannunsa yayin da yake kokawa da noti bai ji ba. Mani'i kuwa shi ne zafin injin da ya wuce haddi, ko matsin gas da ya yi yawa, wanda in ya samu sai na'ura ta kashe kwamfaresa da gangan. Wanda ya garzaya zuba gas ya ɗauka cewa sharaɗi ɗaya ne kawai a duniya, ya manta da sababi, ya manta da mani'i.

Direban nan dai bai bi shawarar kowa a cikin biyun ba, ya kai motar wurin wani bakanike Bahaushe da ya daɗe a Sabha. Mutumin bai ɗauko tulun gas ba. Ya goge hannu ya ce, "Ɗan'uwa, kafin in taɓa, gaya mini abin da hannunka ya taɓa, tun daga noti na farko." Ya ce, "Wallahi, Maigida, famfon ruwa kaɗai na canza." Aka tayar da injin aka danna maɓalli, bakanike ya karkata kunne har ya ji ƙas ɗin kuloci, ya duba faifan gaban kwamfaresa ya ga yana juyawa tare da bel, ya kama bututu mai kauri ya ji ya yi sanyi har yana raɓa, ya taɓa siririn ya ji ɗumi. Ya bi mahaɗan bututu ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa yana neman ƙura mai maiƙo, domin gas in zai tsere da mai yake fita, ƙurar Sahara kuma ta manne a wurin ta tona asiri. Bai samu ba. Ya ɗaura gej mai agogo biyu, shuɗi da ja, allurai suka tsaya inda ya kamata. Sai ya bar injin yana aiki, ya taka totur ya riƙe, can sai kuloci ya saki da kansa. Ya juyo ya ce, "Da ka zuba ruwa, ka bar injin ya yi zafi ka fitar da iska, ko cikawa ka yi ka rufe?" Direba ya yi shiru. Da injin ya huce aka buɗe murfin lagireto, sai ga ruwa ya faɗa can ƙasa.

Ashe esi lafiyarsa lau. Iska ce ta maƙale a hanyoyin ruwan injin, ruwan da aka zuba bai kai yadda ake zato ba, injin yana ɗaukar zafi in an matsa masa, na'ura kuma tana sauke masa nauyin kwamfaresa don ta cece shi. Allurar zafi kuwa a motoci da yawa ba ta barin tsakiya sai abu ya yi nisa. Da direban ya bi maganar dattijo ya sauke gilashi ya ci gaba da zirga-zirga, da mai yiwuwa gaskit ya ƙone ko kan silinda ya lanƙwashe a wani wuri tsakanin Zigan da Hun, inda hanya ke ratsa baƙaƙen duwatsun Jabalus Sauda, ba inuwa ba rijiya. Mu da muka san wannan hamada ba ma ɗaukar mutuwar mota da wasa. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawa 92 a arewacin Arlit kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta gama da su. A tsakiyar 2017 kuma mutum 44 suka rasu a kan hanyar Agadas zuwa Dirku, wadda ita ce hanyar shigowa Libiya, ta irin wannan sababi. Allah ya jiƙansu. Ɗaukewar sanyi a cikin mota wani lokaci ɗan aike ne da ke gaba da babbar musiba, kuma yin biris da shi da sunan haƙuri sakaci ne da rai, wanda kiyaye shi yana cikin manyan manufofin shari'a.

Akwai wani abin da ya fi sakaci muni, shi ne kawar da mani'i da ƙarfin tsiya. Waɗansu, in suka ga kuloci ya ƙi kamawa, sai su sa guntuwar waya su tsallake makunnin da ke auna matsin gas, kwamfaresa ta juya dole. Alhali man da ke shafe cikinta tare da gas yake zagayawa, in gas ya ƙare mai ba ya komowa, sai ta ci kanta ta watsa garin ƙarfe cikin bututu duka, aikin kuɗi kaɗan ya zama na dukiya. Waɗansu kuma, don neman araha, gas ɗin girki suke ɗurawa, wanda yana sanyi, amma yana kama wuta, kuma bututunsa yana ratsa ɗakin da mutane ke zaune. Shi ma gas na gaskiya, in aka buɗe bututu ba a sani ba, feshinsa yana daskarar da fata yana makantar da ido. In kuma aka zuba shi ba a fara zuƙe iska da danshi da injin zuƙa ba, danshin ya daskare a ƙuntatacciyar kafar nan ya toshe ta.

Kada a fahimce ni da cewa ina zargin wanda ya gyara abinsa da hannunsa. Mutumin da ke nesa da gareji, a ƙasar da wuta kan ɗauke, mai kan yi wuya duk da cewa farashinsa na hukuma bai wuce dirhami 150 kowace lita ba, in bai iya canza bel da famfo ba zai wahala, kuma koyon sana'a abin yabo ne. Abin da nake faɗi shi ne kowane sani yana da iyaka, kuma sanin iyakar yana cikin sanin. Mutanen Samnu, da mutanenmu da ke hawa musu dabino, sun fi kowa cancantar fahimtar hadisin da Muslim ya ruwaito game da aurar da dabino, domin kowace shekara a ƙarshen sanyi suna hawa su ɗauki zaren furen namiji su cusa cikin na mace su ɗaure. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya iske mutanen Madina suna wannan aiki, ya nuna kamar ko an bari zai yi, suka bari, dabinon ya fito maras kyau, sai ya mayar da al'amarin gare su, ya tabbatar musu cewa su ne mafi sani ga sha'anin duniyarsu. In mafificin halitta ya girmama sanin manomi a fagensa, ba ya kamata direba ya ji nauyin tsayawa gaban bakanike ya ce nan sanina ya ƙare. Alƙur'ani ma a Suratun Nahli, aya ta 43, ya yi umurni da tambayar ma'abota sani ga wanda bai sani ba.

Sai dai tambaya ba ta amfani sai da gaskiya, kuma a nan ne na fi ganin mutanenmu suna zamewa. Malamai sun ce mufti yana ba da fatawa ne gwargwadon yadda aka siffanta masa mas'ala, wanda ya ɓoye rabin labari ya karɓi fatawa a kan wata mas'ala dabam, ba tasa ba. Mutum ya kwance rabin injin jiya, yau ya zo gareji ya ce haka kawai ya wayi gari ya ga esi ya mutu, saboda kunya ko tsoron a raina shi. Bakanike ya ɓata yini yana nema inda ba nan ba, ya canza abin da lafiyarsa lau, in abu ya ƙara lalacewa kuma a ce shi ya ɓata. Wannan zalunci ne mai hukunci a fiƙihu, domin a mazhabar Malik, kamar yadda ya zo a Risalar Ibnu Abi Zaid wanda ya rasu a shekara ta 386 ta Hijira, masu sana'a suna lamunin kayan da aka bar musu suka keɓanta da su, saboda haka wanda ya ɓoye ɓarnar hannunsa ya miƙa mota yana neman ɗora wa wani lamunin da yake wuyansa. Haka nan tsakanin direba da mai gona. Ɗan ƙodago amintacce ne, ba ya biyan abin da ya lalace a hannunsa sai in ya ƙetare iyaka ko ya yi sakaci, kuma kwance injin motar wani ba da izninsa ba yana kusa da ƙetare iyaka ko da niyya ta yi kyau. Maganinsa shi ne a nemi izni tun farko, in an riga an yi kuma a faɗa. Baƙo a ƙasar mutane ba shi da jarin da ya wuce amana, kuma ha'incin mutum ɗaya yakan rufe wa 'yan'uwansa goma ƙofar gona. Wanda kuma ya ɗura gas a motar da ya san tana zuba don ta yi sanyi ranar ciniki, ya faɗa cikin algus da ɓoye aibi, kuma mai saye yana da haƙƙin mayarwa.

Ƙaddara tana da muhallinta, kuma muhalli ne mai girma. In mutum ya bincika, ya tambaya, ya faɗi gaskiya, sa'an nan aka iske kwamfaresa ta mutu don tsufa, kuɗin sabuwa kuma ya fi ƙarfinsa, a nan ne maganar dattijo take zama magani, ta hana shi cin zuciyarsa da da-na-sani, ya sauke gilashi ya naɗa rawani ya yi tafiyarsa da sassafe yana mai yarda da rabonsa. In kuma aka iske hannunsa ne, shi ma a cikin ƙaddara yake, amma ƙaddarar ba ta ɗauke masa biyan abin da ya wajaba ko neman afuwar mai mota ba, domin Ahlus Sunna sun tabbatar wa bawa kasabi, watau aikin da ya yi da zaɓinsa, kuma a kansa ake hisabi. Direban Samnu an fitar masa da iska an cika ruwa, ya biya ladan aiki kaɗan, ya koma ya gaya wa mai gona abin da ya faru tun daga ɗigar farko.

Ina roƙon 'yan'uwa direbobi da ke Samnu da Tamanhint da Sabha da Murzuk da Gatrun, duk wanda ya taɓa injin da hannunsa sa'an nan sanyin motarsa ya ɗauke, kada ya kama doguwar hanya sai ya san dalili. Ya bar injin ya huce sarai kafin ya buɗe murfin lagireto, ya duba ruwa, ya bi soket da bel da fis ɗaya ɗaya, kada ya tsallake makunni da waya, kada ya yarda a zuba gas ba a ɗaura gej ba. In abin ya fi ƙarfinsa ya je wurin masu sana'ar ya lissafa musu duk abin da ya kwance, kuma in motar ta wani ce ya sanar da mai ita a ranar.